Sa Ahmadu Bello: Kyaftin ɗin Kwalejin Katsina da ya zama Firimiyan Arewa

Akasarin jama'a sun san marigayi Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a matsayin Firimiyan Jihar Arewa na farko kuma na ƙarshe, wanda sojoji suka kashe a juyin mulkin 15 ga watan Janairun 1966. To sai dai kuma tun kafin ya riƙe gunduma ko ma'aikata ko jam'iyya, ya taɓa riƙe wani shugabanci da ba a cika ambatonsa ba, wato kyaftin na 'yan wasan Fives a Kwalejin Katsina. Wannan wasa na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango ya bi shi tun daga ƙuruciya har ƙarshen rayuwarsa, kuma yana daga cikin abubuwan da ya bari waɗanda rushewar Jihar Arewa ba ta tafi da su ba.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Ahmadu a garin Rabah da ke gabas da birnin Sakkwato a shekarar 1910, ko da yake wasu marubuta suna cewa a 1909 ne. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin Rabah, kuma ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ke nan an haife shi ne 'yan shekaru kaɗan bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato da yaƙi a ranar 15 ga watan Maris na 1903, a daidai lokacin da gidan sarautar ke ƙoƙarin gano yadda zai zauna da sababbin masu mulki.

Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 6. Bayan karatun allo a gida, an kai shi makarantar lardi ta Sakkwato, wadda ake tattaro mata yara daga gundumomin ƙasar Sakkwato, tun daga Tambuwal da Kebbe a kudu maso yamma har zuwa Isa da Sabon Birni a gabas. A wancan zamani iyaye da dama suna ɗari-ɗari da karatun boko, saboda haka 'ya'yan hakimai da na ma'aikatan En'e ne suka fi yawa a azuzuwa. A makaranta ana kiransa Ahmadu Rabah, kuma da wannan suna ne ya tafi Katsina a shekarar 1926.

Kwalejin Katsina

Gwamnan Nijeriya na lokacin, Sa Hugh Clifford, shi ne ya yi bikin buɗe Kwalejin Katsina a watan Maris na 1922, domin horar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. Karatun na shekara 5 ne, da harshen Ingilishi ake yinsa, kuma ɗaliban da ake ɗauka a kowace shekara ba su da yawa. Kowane ɗalibi ana ba shi lamba bisa jerin shigarsa, kuma lambar Ahmadu Rabah ita ce 87. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zo daga Bauchi a 1928, ya sami lamba 145.

Zuwa makarantar kanta wani aiki ne. Babu jirgin ƙasa tsakanin Sakkwato da Katsina, motoci kuma ba su wadata ba, don haka a ƙasa ɗaliban Sakkwato ke yin tafiyar, ta cikin dazuzzuka, har kusan mako guda kafin su isa. A can ne suka haɗu da takwarorinsu daga Borno da Bida da Ilori da Kano da Zariya da Adamawa, yaran da wasunsu ba Hausa ce harshen gidansu ba. Daga cikin waɗanda suka yi karatu a kwalejin a waɗannan shekaru akwai Kashim Ibrahim na Borno, da Aliyu Makaman Bida, da Isa Kaita, da Abubakar Imam wanda daga bisani ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Malaman kwalejin Turawa ne da suka fito daga makarantun kwana na Ingila, inda ake ɗaukar wasanni a matsayin wani ɓangare na tarbiyya. Sun zo da wannan ra'ayi Katsina, inda suka sa wasan kurket da guje-guje da Fives cikin harkokin yau da kullum na ɗalibai. Ahmadu Rabah, wanda dogo ne kuma ƙaƙƙarfa, ya buga kurket, amma a wasan Fives ne ya fi yin fice, har aka ba shi kyaftin. Kazalika ya zama ɗaya daga cikin shugabannin ɗalibai.

Yadda wasan yake

Asalin irin Fives ɗin da ake bugawa a Arewa daga makarantar Eton ne, wadda ke kusa da garin Windsor a Ingila, wadda kuma Sarki Henry na shida ya kafa a 1440. Ɗaliban makarantar sun fara wasan ne a jikin ginin majami'arsu, suna buga ƙwallo a tsakanin ginshiƙan da ke tokare da bango. Da aka zo gina filayen wasan na musamman a 1840, sai aka kwaikwayi siffar wancan lungu. Shi ya sa har yau filin yake da bango uku, gaba da dama da hagu, baya kuma a buɗe, da matakala guda da ta raba shi gida biyu, da kuma wani ginshiƙi da ya fito daga bangon hagu wanda ke karkatar da ƙwallo ta inda ba a zata ba.

Mutum biyu-biyu ne ke karawa, kuma ana buga ƙwallon da hannun dama da na hagu baki ɗaya. Ɓangaren da ke da bugun farko ne kaɗai ke samun maki, kuma wanda ya riga kai maki 12 shi ne ya ci zagayen. Bisa al'adar wasan a Ingila ba a sa alƙali, 'yan wasan ne da kansu ke amsa kuskurensu, su kuma sasanta abin da ya shige musu duhu.

Wani malamin makaranta Bature mai suna Hogben, wanda ya koyar a Birnin Kebbi da Katsina a shekarun 1920, shi ake dangantawa da kawo wasan Arewacin Nijeriya. A Ingila ana amfani da safar hannu da wata 'yar ƙwallo mai tauri. A Arewa kuwa filayen farko da ƙasa aka gina su, kuma ƙwallo mai tauri tana farfasa bangon, saboda haka aka koma amfani da ƙwallon tanis, ana bugawa da hannu tsura. Wannan sauyi ya rage tsadar wasan ƙwarai, ya kuma buɗe ƙofarsa ga yaran da ba 'yan makaranta ba.

Abin lura a nan shi ne, wasa ne da gwani ɗaya ba ya cinsa shi kaɗai. Dole ɗaya ya tsare gaba ɗaya ya tsare baya, kowanne ya san ƙwallon da zai bari ta wuce ga abokinsa. Yaran da suka yi shekara 5 suna irin wannan cuɗanya a fili da aji da ɗakin kwana, su ne bayan shekaru kimanin 25 suka zama ministoci da manyan ma'aikatan Jihar Arewa, kuma sanin juna da suka yi a Katsina ya zame musu jari a siyasa.

Malanta da sarauta

Ahmadu ya kammala karatu a 1931, ya koma gida aka ba shi aikin koyarwa a makarantar Midil ta Sakkwato. Baya ga darussan aji, yana fita fili da yamma tare da ɗalibai yana koya musu wasannin da ya koyo a Katsina. Shekara 3 ya yi yana wannan aiki, kafin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi hakimin Rabah a 1934, wato kujerar mahaifinsa. A lokacin yana cikin hakimai ƙalilan da suka yi karatun boko mai zurfi a ƙasar Sakkwato.

A shekarar 1938 Sarkin Musulmi Hassan ya rasu, kuma Ahmadu yana cikin waɗanda suka nemi gadon sarautar. Bai samu ba. An zaɓi ɗan'uwansa Abubakar, wanda ya zama Sarkin Musulmi Abubakar na uku, ya kuma yi shekara 50 a kan gado. Sabon sarkin ya ba Ahmadu sarautar Sardauna, wadda shi kansa ya riƙe kafin hawansa, aka kuma tura shi Gusau domin kula da gundumomin gabashin masarautar.

Wannan rashin nasara ya bar tabo a tsakanin mutanen biyu da magoya bayansu. A 1943 aka zargi Sardauna da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ta yanke masa hukuncin ɗauri. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, wadda ta soke hukuncin ta wanke shi. Shari'ar ta sa sunansa ya bazu a lardunan Arewa, musamman a tsakanin matasa 'yan boko, waɗanda da yawansu tsofaffin ɗaliban kwalejinsa ne. Daga bisani an sasanta shi da Sarkin Musulmi, ya dawo Sakkwato ya zama jigo a majalisar sarki da harkokin En'e. A 1948 ya tafi Ingila domin nazarin tsarin mulkin ƙananan hukumomi.

Shiga siyasa

A 1949 Sardauna ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Arewa a Kaduna a matsayin wakilin Sakkwato, inda ya tarar da abokan karatunsa na Katsina. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. A shekarar da ta biyo baya aka ba shi ministan ayyuka, daga baya aka ƙara masa da harkokin ƙananan hukumomi da raya karkara.

Babbar jarrabawarsa ta farko ta zo ne a ranar 31 ga watan Maris na 1953, lokacin da Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya gabatar da ƙudiri a majalisar wakilai a Legas, yana neman Nijeriya ta sami mulkin kai a 1956. Sardauna ya nemi a cire shekarar, a bar maganar sai lokacin da hali ya yi. Dalilinsa shi ne Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilimin zamani, kuma idan Turawa suka tafi a lokacin, ofisoshinta za su koma hannun wasu. Jama'a sun yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, kuma a watan Mayun wannan shekara rikici ya ɓarke a Kano inda aka yi asarar rayuka.

A 1954 ya zama shugaban NPC, kuma a ranar 1 ga watan Oktoba na wannan shekara ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Da aka ƙirƙiro muƙamin Firayim Ministan tarayya a 1957, Abubakar Tafawa Ɓalewa, mataimakinsa a jam'iyya, shi ne ya hau kujerar. Bayan zaɓen 1959, wanda NPC ta fi kowace jam'iyya yawan kujeru a cikinsa, Sardauna yana iya tafiya Legas ya karɓi gwamnati a matsayinsa na shugaban jam'iyya, amma ya zaɓi zama a Kaduna. Haka tsofaffin ɗaliban Katsina biyu suka raba aikin a tsakaninsu, ɗaya a Legas ɗaya a Kaduna, har ranar da aka kashe su.

Jihar Arewa ta sami mulkin kanta a ranar 15 ga watan Maris na 1959, ranar da ta dace da cika shekara 56 da faɗuwar Sakkwato a hannun Turawa. A wannan shekara ce Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma da ta sa ake kiransa Sa Ahmadu Bello.

Firimiya kuma ɗan wasa

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a gwamnati shi ne samar da ma'aikata 'yan Arewa cikin gaggawa. An ɓullo da manufar fifita 'yan jihar wajen ɗaukar aiki, aka faɗaɗa makarantun sakandare da na horar da malamai, aka tura ɗalibai ƙasashen waje, aka kuma ƙarfafa wa matasa gwiwar shiga aikin soja. A zamaninsa ne aka kafa Bankin Arewa, da kamfanin raya jihar, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wadda aka buɗe a ranar 4 ga watan Oktoba na 1962. A wannan shekara ce kuma aka kafa Jama'atu Nasril Islam, shi kansa ya zama mataimakin shugaban ƙungiyar Rabiɗa ta duniyar Musulmi da ke Makka.

Duk da wannan hidima bai bar Fives ba. A Kaduna ya ci gaba da fita fili da yamma tare da ministoci da ma'aikatan gwamnati, kuma a littafin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1962 ya yaba wa wasan, yana mai bayyana shi a matsayin hanya mai sauri ta motsa jiki ga wanda ba shi da isasshen lokaci. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyensa zuwa Ingila ya ziyarci makarantar Eton, ya kuma buga wasan a inda aka ƙago shi. Wannan dangantaka ce ta share fagen zuwan 'yan wasan Ingila Arewacin Nijeriya domin karawa da 'yan gida.

Sha'awar da Firimiya ya nuna ta sa wasan ya sami gata. Makarantu da hukumomin En'e sun gina filaye da siminti, kuma matashin ma'aikaci ya san cewa filin Fives wuri ne da zai iya haɗuwa da manya ba tare da shamakin ofis ba. A tsakiyar shekarun 1960 kuma aka kammala babban filin wasa na Kaduna mai ɗauke da sunansa, wanda daga baya ya karɓi wasu daga cikin wasannin gasar ƙwallon ƙafa ta matasa ta duniya a 1999 da kuma 2009.

Masu suka

Irin haɗin kan da aka ƙulla a Katsina yana da nasa iyaka, kuma abokan hamayyar Sardauna sun sha nuna hakan. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, ta zargi gwamnatin NPC da cewa ta 'ya'yan sarakuna ce da 'yan boko ƙalilan, kuma tana amfani da kotunan alƙalai da 'yan doka wajen muzguna wa talakawan da suka bi adawa. A yankin tsakiyar Nijeriya, jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka ta nemi a cire yankin daga Jihar Arewa, kuma an yi mummunan tashin hankali a ƙasar Tibi a 1960 da 1964. Rangadin musuluntarwa da ya riƙa yi a shekarunsa na ƙarshe shi ma ya tayar da hankalin wasu Kiristoci, ko da yake akwai Kiristoci irin su Michael Audu Buba a majalisar ministocinsa. Bugu da ƙari, har ya bar duniya matan Arewa ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a ba.

A kudancin ƙasar kuwa, da yawa sun ɗauke shi a matsayin mutumin da ke juya gwamnatin tarayya daga Kaduna. Rikicin ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963, da zaɓen tarayya na 1964, da kuma zaɓen Jihar Yamma na watan Oktoban 1965 wanda ya jefa yankin cikin ƙone-ƙone, duk sun ƙara zafafa wannan ra'ayi.

Rasuwarsa da abin da ya bari

A ranar 14 ga watan Janairun 1966, Firimiyan Jihar Yamma, Cif Samuel Ladoke Akintola, ya ziyarci Sardauna a Kaduna domin tattauna halin da ƙasa ke ciki. Kafin wayewar garin ranar 15 ga wata, cikin watan azumi, sojoji a ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka kai hari gidan Firimiya, suka harbe shi tare da uwargidansa Hafsatu. A wannan juyin mulki ne aka kashe Abubakar Tafawa Ɓalewa da Akintola da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi da suka haɗa da Birgediya Zakariya Maimalari. An binne Sardauna a Kaduna, gidan nasa kuma yanzu ya zama cibiyar binciken tarihi ta Gidan Arewa.

Jihar da ya yi wa hidima ba ta daɗe a bayansa ba. A watan Mayun 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ta gida 6, kuma rabe-raben da suka biyo baya sun kai ta jihohi 19. Tsohon lardin Sakkwato kansa ya zama jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Kwalejin da ta horar da shi ta tashi daga Katsina zuwa Kaduna a 1938, daga nan zuwa Zariya a 1949, inda a yanzu ake kiranta Kwalejin Barewa. A shekarar 2000 aka sa hotonsa a takardar kuɗi ta naira 200.

Shi kuwa wasan Fives, wanda a Ingila ya fi ƙarfi a wasu makarantu ƙalilan, ya zama na mutanen gari a wurare kamar Katsina da Birnin Kebbi da Sakkwato da Kaduna, inda 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da ɗalibai ke bugawa a gaban 'yan kallo. Babbar gasar wasan a Nijeriya sunanta Kofin Sardauna, kuma a ƙarƙashinta ne 'yan wasa daga jihohin da aka yanka daga tsohuwar Jihar Arewa ke haɗuwa su kara, da ƙwallon tanis da hannu tsura, kamar yadda Ahmadu Rabah da abokan karatunsa suka yi a Katsina.